Hakkin Kufai a Kan Mai Alƙalami

Duk wanda ya taɓa yin tafiyar ƙasa a dazukan arewacin Zamfara ya san yadda ake gane kufai. Kana ratsa sabara da geza, sai kawai ka ga kukoki sun yi cincirindo wuri guda, ga tsamiya, ga durumi, ƙasar wurin ta ɗan yi tudu, kuma ta fi ta kewayenta baƙi. In ka duƙa za ka tsinci tsingaro, wataƙila har da guntun dutsen niƙa. Wani lokaci akan tarar da rijiyar da ta rufta, ko ramukan marina da ciyawa ta cike. A nan aka haifi mutane, aka yi musu kaciya, suka yi aure, suka yi faɗa a kan iyakar gona, aka sulhunta su, suka mutu aka rufe su. Yau ko sunan wurin sai an dace za a sami mai faɗa.

Tambayar da nake so mu tattauna da 'yan'uwana marubuta ita ce: shin irin wannan wuri yana da wani hakki a kanmu? Ƙauyen da ba shi da sarki mai tambari, bai haifi gwamna ko babban malami ba, gidajensa ba su kai hamsin ba, ya cancanci mutum ya ɓata tawada da takarda a kansa? Na san amsar da wasu za su bayar, domin an sha ba ni ita: ana ta kai, wa yake ta kaya? Mutane na gudun ceton rai, ga yunwa, ga kuɗin fansa, kai kuma kana maganar tarihin tunga. Wannan magana tana da nauyi, kuma zan komo kanta. Amma bari mu fara waiwayawa tukuna, tunda an ce waiwaye adon tafiya.

A ƙasar Zurmi akwai wani gari da ake kira Dutsi. Ruwayoyin Zamfarawa sun haɗu a kan cewa nan ne mazauninsu na farko, ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. Ana ambaton Dakka a matsayin shugabansu na fari, sannan Jatau da Jimir Dakka da waɗanda suka biyo baya, kuma ana nuna wasu manya-manyan kaburbura da ake cewa nasu ne, har akan ce mutanen wancan zamani samudawa ne. Daga Dutsi ne aka tashi aka kafa Birnin Zamfara, kusa da Isa ta yau. To, mai karatu ya auna: cibiyar al'umma guda, wadda jiha sukutum ta karɓi sunanta ranar 1 ga Oktoba, 1996, abin da ya iso gare mu daga gare ta bai wuce jerin sunaye da kaburbura ba. Me suke shukawa? Wa ya haƙa musu rijiya? Da wane irin kiɗa suke kai amarya? Duk ya bi iska.

Birnin Zamfara kansa bai tsira ba. Wajajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci shi, Gobirawa suka mayar da Alƙalawa hedikwatarsu, wadda aka ce an gina ta ne a gonakin alƙalin Zamfara, shi ya sa ta sami wannan suna. Ba a cika shekara hamsin ba ita ma Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Yunfa, kuma cikin jagororin wannan yaƙi har da Muhammadu Namoda na Fulanin Alibawa, wanda Ƙaura ke amsa sunansa. Sarakunan Zamfara kuwa bayan rushewar birninsu sun yi ta gararamba. Ruwayoyi sun ambaci Kiyawa da Banga da Kuryar Madaro da Sabon Gari cikin wuraren da suka zauna kafin a ƙarshe su tare a Anka. A yaƙin Kiyawa ne Namoda ya rasu. Ga kuma wani abin lura: Kiyawar da ta yi wannan tashe ta koma ƙaramin wuri, amma sunanta na nan daram a bisa rawani, domin sarautar Sarkin Kiyawa ita ce ta Ƙaurar Namoda.

Wannan shi ne halin tarihinmu. Abin da ya rataya ga sarauta yakan rayu, saboda akwai makaɗa da maroƙa da 'ya'yan sarki masu buƙatar a riƙa tuna shi, tunda da shi ake neman gado. Abin da ya rataya ga talaka kuwa, da zarar tsohon da ya san shi ya kwanta dama, shi ke nan. Ba ina zargin fada ba ne. Ba don ita ba da ko jerin sunayen ma ba mu samu ba. Sai dai lokacin da Babari ya ci Birnin Zamfara, akwai ƙauyuka barkatai a kewayensa da suka watse, akwai matan da suka goya 'ya'ya suka bi daji, akwai maƙera da masaƙa da suka sauya gari suka sauya asali. Littafi ya riƙe sunan wanda ya ci da wanda aka ci, ya yar da sauran.

A nan ne misalin Ingila zai amfane mu, domin su ma suna da kufai, har an ƙididdige fiye da 3,000 na ƙauyukan da suka mutu a ƙasarsu. Mafi shahara shi ne Wharram Percy, wani ɗan ƙauye a cikin kwarin yankin Yorkshire. An ambace shi a kundin Domesday, wato ƙidayar filaye da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Annobar da ta halaka jama'ar Turai a 1348 da 1349 ta taɓa shi, amma ba ita ta ƙarasa shi ba. Abin da ya ƙarasa shi kwaɗayi ne. Wajajen shekara ta 1500 masu filin suka lura kiwon tumaki don gashinsu ya fi karɓar galla daga manoma riba, sai suka tashi iyalan da suka rage, aka rushe gidajensu, gonaki suka koma makiyaya. Coci kaɗai ya rage a tsaye, mutanen ƙauyukan kusa suka ci gaba da zuwa cikinsa har ƙarni na 20.

Bayan kusan shekara 450, wani malamin tarihi mai suna Maurice Beresford da wani masanin tonon kayan tarihi mai suna John Hurst suka tsaya a kan wannan kufai. Daga 1950 har zuwa 1990, duk shekara sai an taru da 'yan sa kai an yi tono. Suka gano tsarin gidajen, da yadda mutum da dabbarsa kan kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, suka binciki ƙasusuwan mutum kusan 700 daga maƙabartar cocin, suka gane irin abincin da suke ci da cututtukan da suka yi fama da su, da yawan jariran da ba su kai ga yaye ba. Shekara arba'in a kan ɗan ƙaramin ƙauye! Ni dai tona kabari ba abin da zan yi wa mutanenmu sha'awa ba ne, kuma ba na jin akwai garin da zai yarda a ƙasar nan. Abin da ya ja hankalina shi ne matsayin da suka ɗauka, cewa manomin da aka kora saboda tumaki ya isa a san yadda ya rayu.

Kuma kada mu ɗauka Turawan nan sun fi mu ƙaunar kakanni. Abin da suka fi mu shi ne takarda. Tun 1538 aka wajabta wa kowane coci a Ingila ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Saboda haka mutumin ƙauyen da bai kai Tubali ko Jangeru girma ba yana iya bin sunayen kakanninsa shekaru ɗaruruwa. Duk da haka, muryar mutanen Wharram Percy ta ɓace. Ƙashi ba ya magana. Babu wanda ya zauna da matar da aka rushe wa ɗaki ya tambaye ta ina ta nufa da 'ya'yanta a wannan dare. Masu binciken sun makara da ƙarni huɗu da rabi.

Mu fa, me muke da shi a rubuce game da ƙananan garuruwanmu? Akasari abin da baƙo ya gani ne. Hugh Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824, ya rubuta ta a matsayin mafakar bayin da suka tsere, ya kuma kwashe mummunar shaidar da abokan tafiyarsa suka yi wa mutanenta ya zuba a littafi. Mutumin da bai yi ko mako a gari ba, shaidarsa ce ake karantawa yau shekara ɗari biyu, saboda 'yan garin ba su bar tasu ba. Heinrich Barth ya bi ta Zurmi da Dutsi da Badarawa a 1853, ya siffanta duwatsun Dutsi da kasuwar Badarawa, sannan ya wuce. Sai rahotannin da Turawan mulki suka rubuta don tsaga haraji da jangali, waɗanda ke ajiye a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna. A cikinsu ne za ka ga sunan ƙauye da yawan magidantansa da shanunsa. Abin dariya abin tausayi, a Ingila da nan duka, wanda ya fara damuwa da ƙidaya talaka shi ne mai karɓar haraji. Bayan su akwai littafin Kurt Krieger a kan tarihin Zamfara, wanda ya fito a 1959 cikin Jamusanci, harshen da Bazamfare ɗaya cikin dubbai ba ya ji, da kuma kundin digirin Dokta Garba Nadama na 1977 a Jami'ar Ahmadu Bello. Ayyuka ne masu daraja, amma daula suka sa a gaba. Tunga ba ta sami shiga ba sai jefi-jefi.

Da a ce maganar ta tsaya ga kufan da, da sai mu ce abin da ya wuce ya wuce. To amma a gaban idonmu ake yin sabbi. Fiye da shekara goma ke nan ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Ƙaura na watsewa saboda 'yan bindiga. An yi kisan gilla a Birane a Fabrairun 2018, an yi a Kadawa da maƙwabtanta a Yunin 2021. A 2019 dubun-dubatar mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. A Satumban 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta kuma datse layukan waya, har kasuwar Shinkafi da ke tara fatake daga Nijar da kudancin ƙasar nan ta yi tsit na wani lokaci. Ita kuwa Banga, wadda ta taɓa saukar sarakunan Zamfara, duniya ta ji sunanta ne a Yulin 2025, sa'ad da aka kashe mutanenta da dama da ke hannun masu garkuwa bayan an riga an biya fansa.

Ku dubi Dumburum. A shekarun 1990 masu bincike daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsu na Jamus sun yi aiki a can, da Shamushalle da Tsabre da Aja, ƙauyukan manoma da ke tsakiyar keɓaɓɓen dajin Zamfara. Abin da ya kai su shi ne nazarin yadda manomi da makiyayi ke cin moriyar juna, wannan ya ba da karan gona, wancan ya bar taki. Yau ka ce Dumburum a gaban yaro ɗan shekara ashirin, abin da zai faɗo masa shi ne dabar 'yan bindiga. Ashe gari na mutuwa sau biyu: a kore mutanensa, sannan a ƙwace ma'anar sunansa. Ta farko ta fi ƙarfin marubuci. Ta biyun kuwa a hannunsa take.

Yanzu sai mu komo ga mai cewa ana ta kai. Ni a ganina tarihin ƙauye ba ya cikin kayan da ake zubarwa a guje, domin wani ɓangarensa shi ne kan. Manomin ƙauye ba shi da takardar gona. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta tanadi yadda ƙaramar hukuma za ta ba shi shaida, amma nawa ne suka taɓa nema? Shaidarsa ita ce dattawan da suka san cewa daga wancan gawo zuwa jerin gamba gonar gidan wane ce, wannan fadama aro ce, waccan jingina ce, wannan kuma gandun gado ne da ba a raba ba. Waɗannan dattawa su ne ke mutuwa yanzu a kangaye da shagunan haya na Ƙaura da Gusau, da baƙin ciki da canjin cima. Ranar da ƙura ta lafa aka ce a koma, gamba ta ƙone, an sare gawo an yi gawayi, wa zai nuna iyaka? Marayan da aka goya aka gudu da shi, da me zai kāre gonar ubansa in mai kuɗi ya zo da takarda daga birni? Littafin makaranta guda da aka cika da bayanin tsoho ɗaya na iya hana zubar da jini shekara ashirin nan gaba.

Akan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan karin magana an yi ta ne don wanda ya tafi da ƙafarsa. Wanda aka kora da wuta bai bar gida ba, kuma zalunci ne a bari gida ya bar shi. 'Ya'yansa na tasowa a gari ana kiransu 'yan gudun hijira, kamar wannan ne asalinsu. Suna da hakkin su san cewa kakansu shi ya sari dajin, cewa garinsu ya yi suna wajen albasa ko taba ko dambe, cewa akwai lokacin da baƙo ke sauka gidansu a yanka masa kaza. Ibrahim Narambaɗa haifaffen Tubali ne. Ba don ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa ba, da mutane ƙalilan ne a wajen yankin za su san da Tubali. Amma irin Hausar da ya yi waƙa da ita, wadda malaman jami'a ke ta rubuta kundaye a kanta, a bakin tsofaffin irin waɗannan ƙauyuka ya tsotse ta, kuma jikokinsu da ke girma a birni sun fara jin kunyar yin ta.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa, kuma a nan ne nake ganin yawancin ƙananan littattafan tarihin gari da muke bugawa suke faɗuwa. Kusan dukkansu kirari ne. Kowane gari wani maharbi ne ko malami daga Gabas ya kafa shi, ba a taɓa cin sa da yaƙi ba, mutanensa duk 'ya'ya ne. Ba za ka taɓa karanta cewa unguwa kaza rinjin bayi ce ba, ko cewa har zamanin kakanni ana kai baƙin bunsuru gindin tsamiya, ko cewa gidan da ke riƙe da sarauta yanzu Bature ne ya ɗora su ya tuɓe masu ita. Marubucin yakan ce sutura yake yi. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuwa yana hangen ranar ƙaddamarwa ne da wanda zai zama babban mai ƙaddamarwa.

Ban raina sutura ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a ƙasar da har gobe ake fasa aure saboda an binciko asali, rubuta cewa gidan wane bayi ne na iya rushe rayuwar yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Matsayina shi ne a bambance tsakanin ɓoye suna da ƙirƙiro ƙarya. Marubuci na iya cewa an yi bauta a garin nan, ga yadda aka yi ta, ga gandayen da bayi suka noma, ba tare da ya nuna ƙofar kowa ba. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya ce ba a yi ba, domin a lokacin ya sake share waɗanda guminsu ya gina ganuwar, ya yi musu abin da littattafan fada suka yi wa ƙauyensa.

Jarrabawar da ta fi wannan zafi ita ce ta ruga. Ƙauye in ya mutu yakan bar kuka da tsingaro. Ruga in ta tashi, damina ɗaya ta isa ta shafe ta. Alhali Fulani sun daɗe a wannan ƙasa, su suka kafa Zurmi da Ƙaura a matsayin da muka san su, kuma cikin wannan fitina an ƙone rugage, an kashe mutane a kasuwanni saboda kamanninsu kawai, kamar yadda tun kafin nan aka yi ta cinye burtali da mashaya ana mayar da su gonaki. Wanda aka kashe wa uba ba zai so jin wannan ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma marubucin da ya rubuta tarihin ƙauyensu ya tsallake rugar da ke bayan gari shekara sittin, wadda matanta ke kawo nono kullum, wadda ardonta ke zuwa sallar Idi tare da mai gari, ya bar rabin labari. Faɗin cewa an cinye burtali ba ya wanke wanda ya ɗauki bindiga ya harbi manomi a gonarsa. Duka biyun sun faru, kuma wanda zai karanta bayan shekara hamsin yana buƙatar duka biyun in har ana so ya gane yadda maƙwabta suka zama abokan gaba.

Akwai kuma hatsarin da ya wajaba a kiyaye. Wanda ya ba ka labarin wanda ya jagoranci hari, ko wanda ake zargi da kai rahoto daji, ransa ya ɗora a tafin hannunka. Irin wannan bayani a rubuta shi, a adana, a sakaya sunan mai ba da shi, kada a yi gaggawar bugawa. Ba kowane abin da aka tattara ne na kasuwa ba. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma reshen ƙungiyarmu ma na iya buɗe akwati guda.

Abin da muka fi Beresford da Hurst da shi shi ne ba mu makara ba tukuna. Mutanen kufanmu suna da rai, kuma ba sai an shiga daji ba, ga su nan a bakin tasha da ƙofofin masallatai da gidajen 'yan'uwa, mafi yawansu ba abin da suke so irin a tambaye su garinsu. Matashin da ke neman abin da zai rubuta, yana ta kwaikwayon labaran attajiran Abuja da bai taɓa shiga gidajensu ba, ga taska a ƙofar gidansu. Wayar da ke aljihunsa ta isa ɗaukar murya. Ya sami tsoho ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, ina son ka zana mini garinku a ƙasa." Zai ga an share wuri an fara: nan masallaci, nan maƙera, nan gidan sarkin noma, nan rijiyar da ba ta ƙafewa. Kada ya tsaya ga maza. Ya nemi izini ya shiga wurin Inna, domin ita ta san wa ya auri wa, wace shekara aka yi ƙyanda, wane gida ne ya fara tashi. Ya tambayi sunayen gonaki da na fadamu da na tafkuna, da shekarun da ake ƙirga haihuwa da su, kamar shekarar fārā ko ta zuwan jirgin ƙasa Ƙaura a 1929. Ya rubuta ranar da aka yi hirar da inda aka yi ta. In tsohon ya fara lissafa waɗanda aka kashe, kada ya katse shi, kuma kada ya rubuta "mutane da dama". Ya bar shi ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa.